Sakkwato kashi 91 cikin talauci: to ina amfanin binciken da ake ta yi a jami'a?

Wani ƙanenmu malamin firamare daga yankin Gwadabawa ya turo tambaya kamar haka: "Malam, kullum sai an ce Sakkwato ce ta ɗaya a talauci duk Najeriya. Shin alƙaluman nan gaskiya ne ko dai ɓata suna ne? In kuma gaskiya ne, ku da ke jami'a kuna ta bincike shekara da shekaru, mi ya hana binciken naku ya canza komai?"

Ƙanena Allah shi saka da alheri, tambayar taka biyu ce a haɗe, kuma ta biyun ta fi zafi. Ni fannin nazarin zamantakewa da tattalin arzikin karkara nike koyarwa, aikina kenan shiga ƙauyuka da takardar tambayoyi, don haka zan baka amsa yadda na san abun, ba don in kare gwamnati ba, ba kuma don in wanke mu malamai ba.

Alƙaluman gaskiya ne a kan abin da sunka auna. Amma mutane na haɗa rahoto biyu daban su maishe su ɗaya, daga nan rikicin ke farawa. Na farko shi ne wanda hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS ta fitar a 2020, daga binciken gidaje da anka yi tsakanin 2018 da 2019. Wanga kuɗi ya auna, wato abin da mutum ke ci da abin da yake kashewa a shekara. Anka ja layi a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, kimanin naira 376 kenan a rana, duk wanda ke ƙasa da haka matalauci ne. A ƙasa baki ɗaya anka samu kashi 40.1 cikin ɗari, mutum miliyan 82.9, ba a sa Borno ba saboda rashin tsaro. Sakkwato ta zo da 87.73, Taraba na biye da ita da 87.72, sai Jigawa, Legas kuma 4.5 kacal. Ka duba tazarar da ke tsakaninmu da Taraba, ba ta kai komai ba, a lissafin ƙididdiga kunnen doki ne, amma jarida ba ta son kunnen doki, tana son wanda zata ce shi ne na ɗaya.

Na biyun shi ne na Nuwamban 2022, wanda ake ce ma MPI, kuma shi ne mai kashi 91 ɗin da ake ta yawo da shi a Facebook. Shi wanga bai tambayi nawa ke aljihunka ba ko kaɗan. Abubuwa 15 ya duba a fanni huɗu, lafiya, ilimi, yanayin zaman gida, sai aiki da tashin hankali. Ana tambaya ko akwai yaro tsakanin shekara 6 zuwa 15 da ba ya zuwa makaranta a gidan, ko akwai babban da ya gama firamare, da mi ake girki, itace ne ko gawayi ko kashin shanu, ina ake ɗebo ruwa kuma ko ruwan na yankewa, akwai bayan gida ko daji ake zuwa, asibiti mafi kusa ya kai tafiyar minti 30 a ƙasa ko bai kai ba, an taɓa kawo hari ko a'a. In gida ya rasa sama da kwata na jimlar makin, an sa shi cikin matalauta. Tsarin lissafin na wasu masana biyu ne, Sabina Alkire ta jami'ar Oxford da James Foster, kuma ƙasashe da yawa na amfani da shi. Gidaje sama da dubu 56 anka shiga. Sakamako, kashi 63 na 'yan Najeriya, mutum miliyan 133, Sakkwato a sama, Ondo a ƙasa da 27.

To ka ga da wanga ma'auni, mutum na iya samun buhun albasa ɗari a rudu da shanu a garke, amma in ɗiyansa basu zuwa boko, matansa da itace suke girki, ruwan rijiya buɗaɗɗiya ake sha, asibiti sai an hau mashin, to ya shiga lissafi. Shi ya sa in ka gaya ma wani Alhaji a ƙauye cewa takarda ta ce shi matalauci ne sai ya yi maka dariya, kuma yana da gaskiyarsa, ita ma takardar tana da tata. Yawancin abubuwan da MPI ke aunawa ba mutum ɗaya ke saye da kuɗinsa ba, makaranta da asibiti da ruwa da tsaro aikin hukuma ne. Ni a karatuna rahoton 2022 ya fi zama sakamakon jarrabawar gwamnatoci, tun daga ƙaramar hukuma har tarayya, tun daga na soja har na farar hula, fiye da hukunci a kan talakan Sakkwato.

Maganar ɓata suna kuma, ka duba wa ya zo na biyu a 2022. Bayelsa ce, jihar mai, da kashi 88 da ɗoriya. In da makirci ne na a kunyata Arewa ai ba za a sa Bayelsa a gaban Jigawa ba. Kuma in yawan mutane za a ƙirga ba kashi ba, Kano ce a gaba da matalauta sama da miliyan 10.

Amma kar ka ɗauka alƙaluman ba su da rauni, suna da shi, mu da ke aikin mun fi kowa sani. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da anka ce Sakkwato na da mutum miliyan 3.7, wadda anka shirya a 2023 an ɗage ta, don haka duk wani "miliyan kaza" da ka ji hasashe ne anka ɗora bisa tsohon lissafi. Sannan yawancin irin waɗanga bincike boko suke nufi in sun ce makaranta, yaron da ya yi shekara shida a makarantar allo yana karanta Alƙur'ani yana rubuta ajami sai a rubuta shi a wanda bai yi karatu ba. Sai kuma abin da ke faruwa a zaure lokacin cika fom, wanda ba ya fitowa a rahoto. Ka zo gidan gandu, tsoho da ɗiyansa maza huɗu da matansu, rumbu ɗaya amma tukunya uku, da damina ana ci tare da rani kowa ya kama gabansa. Gida ɗaya ne ko huɗu? Yadda mai cika fom ya yanke wanga hukunci shi zai sa gidan ya faɗa ƙasan layi ko ya tsallake. Ka tambayi maigida mi anka ci a kwana bakwai da sunka wuce, shi bai san yawan mai da daddawa da anka sa a miya ba, uwargida ta sani, ita kuma tana cikin gida, in ba ka zo da mace cikin masu tambaya ba to hasashen maigida zaka rubuta. Wani in ya ga kwamfutar hannu da riga mai tambari sai ya zaci rajistar tallafi ce, nan take akuyoyi su ɓace daga lissafi. Wani kuma kunya ce zata hana shi cewa jiya ba a ɗora tukunya ba, musamman in maƙwabci na zaune a tabarma ɗaya yana saurare, sai ya ce alhamdulillahi an ci an ƙoshi. Ga kuma lokaci, amsar da zaka samu a watan Nuwamba bayan kaka ba ita zaka samu a watan Agusta ba lokacin da rumbu ya yi ƙasa gero bai nuna ba. Shi ya sa binciken 2018 zuwa 2019 anka shimfiɗa shi tsawon shekara guda.

Duk waɗanga na iya motsa adadin sama ko ƙasa da 'yan maki. Ba su iya maida 88 ta koma 40. Kuma ma'auni daban daban suna nuna waje ɗaya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Sakkwato yara kusan 200 cikin 1000 ke rasuwa kafin su cika shekara biyar, wanga ba maganar fahimtar tambaya ba ce, uwa ba ta mance ɗan da ta binne. Ƙari a kan haka, alƙaluman duka biyu an tattara su kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kafin naira ta faɗi, kafin hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024. In ma akwai kuskure yanzu, to tsufa ne.

Yanzu ga inda ni nike ganin matsalar take. Kashi 91 bai gaya ma kwamishina abin da zai yi ranar Litinin da safe ba. Kamar likita ne ya auna ka ya ce jikinka da zafi sosai, ya tsaya nan, bai ce maleriya ce ko taifot ba. In kusan kowa matalauci ne, da wa za a fara? Nan ne maganar rashin daidaito ke shigowa, kuma nan ne binciken jami'a ya kamata ya yi aiki, don NBS ba ta sauka ƙasa da jiha ko mazaɓar sanata, mu kuma muna da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, kuma talaucin Gudu ba irin na Wurno ba ne, na Mabera cikin gari ba irin na Sabon Birni ba ne.

Akwai wani ma'auni da ake kira Gini, daga 0 zuwa 100, yana nuna yadda arziki ya rabu tsakanin mutane, in ya yi sama to tazara ta yi yawa. Na Najeriya a rahoton 2020 shi ne 35.1, na Afirka ta Kudu ya haura 60. Wanda bai sani ba sai ya ce ashe mu akwai adalci. A'a. Na ɗaya, abin da aka ci da abin da aka kashe ake aunawa ba dukiyar da anka mallaka ba, attajiri komai kuɗinsa cikinsa ɗaya. Na biyu, mai cika fom ba ya shiga gidan mai kuɗi, maigadi ne zai sallame shi daga bakin get, don haka manyan ba su cikin lissafin tun farko. Na uku, wurin da kusan kowa ba shi da komai dole ya fito kamar akwai daidaito. Ainihin tazarar da ke Sakkwato tana wasu wurare, tsakanin mai fadama da injin ban ruwa da wanda ke yi mai ƙwadago, tsakanin wanda zai iya ajiye albasarsa wata huɗu har ta yi tsada da wanda bashi ya tilasta shi sayarwa a bakin gona ranar da anka cire, tsakanin yaro da yarinya a aji shida, tsakanin ƙauyen da ke bakin kwalta da wanda in ruwa ya sauka sai jirgin kwale-kwale, yanzu kuma tsakanin wanda ke iya zuwa gonarsa da wanda sai ya biya 'yan bindiga kafin ya yi shuka.

Kuma wanga ba sabon ilimi ba ne. Tun farkon shekarun 1950 wani masani Bature R. M. Prothero ya ƙirga 'yan cin rani da ke fita daga lardin Sakkwato, ya nuna yadda ƙarancin ƙasar noma da dogon rani ke tura maza kudu da Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu. A ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970 wata cibiyar binciken tattalin arzikin karkara ta jami'ar Ahmadu Bello, su David Norman, ta zauna ƙauyukan Zariya da Sakkwato da Bauchi ana bin manoma gona gona ana auna aiki da amfani, sunka gano cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya da malaman gona ke yi ma kallon jahilci dabara ce mai riba wadda ke rage asara in damina ta yi gardama. Jami'ar Sakkwato kanta an kafa ta a 1975, anka maida sunanta Usmanu Danfodiyo a 1988, kuma ɗakin karatunta cike yake da kundaye kan ƙasa da noma da fatauci da almajirci.

In kana son ka ga abin da ke faruwa in anka yi aiki ba a saurari irin wanga ilimi ba, Bakolori ta ishe ka. Madatsar ruwa ce kusa da Talatar Mafara, lokacin tana cikin tsohuwar jihar Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya gina, anka gama a 1978. A takarda abin sha'awa, noman rani na zamani, alkama da shinkafa. A ƙasa kuma an tashi dubban iyalai, an karɓe gonaki shekaru ana gyara mutane ba su noma ba, diyya ta zo a makare kuma ba ta kai hannun kowa ba, da anka zo maida filaye masu hanya sunka fi samu. Manoma sunka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma sunka buɗe wuta, har yau adadin da hukuma ta faɗa da wanda mutanen yankin ke faɗa sun yi nisa da juna. Bayan nan wani masani daga Ingila, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasan madatsar ya nuna abin da injiniyoyi ba su sa a lissafi ba, da ambaliyar shekara shekara ta ragu fadamun da ke ba da shinkafa sunka bushe, manoma sunka koma gero da dawa, masunta sunka rasa kifi. Wato aikin ya ƙara ma wasu ya rage ma wasu, kuma waɗanda anka rage mawa ba wanda ya ƙirga su sai da abin ya wuce. Ni duk ajin da na koyar sai na kawo Bakolori, don yaranmu da yawa sun san juyin juya halin Faransa amma ba su taɓa jin wagga ba.

To akwai inda bincike ya canza wani abu a nan Sakkwato? Akwai, sai dai ba a cika jin labarinsa ba don ba gini ba ne da za a yanke kyalle.

Ka tambayi matan gidanku game da man cibiya. A da jariri in an haife shi a gida, kuma a Sakkwato fiye da kashi 90 na haihuwa a gida ake yi a wancan lokaci, ana gasa cibiya da tsumma mai zafi, wasu su shafa man goge baki ko wani abu daban, ƙwayar cuta ta shiga, yaro ya tafi cikin sati. Gwaje-gwajen da anka yi a Nepal da Bangladesh da Pakistan sunka nuna shafa maganin chlorhexidine a cibiya na rage wanga sosai. A 2013, zamanin gwamna Wamakko, Sakkwato ta zama jiha ta farko a Najeriya da ta sayi maganin da kuɗinta, tare da ƙwayar misoprostol mai tsaida zubar jini bayan haihuwa, anka raba ta hannun 'yan sa-kai da amintattun mutane a cikin mazaɓu, da tallafin wani shiri na Amurka, ba a jira mace ta zo asibitin da ba za ta zo ba. Wasu jihohi sunka kwaikwaya daga baya.

Sai ciwon noma, wanda ke cin fuskar yara masu tamowa. Asibitin ciwon noma na Sakkwato an buɗe shi a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo tana taimakawa tun 2014. Bayanan da anka riƙa tarawa a nan, su wane yara ne ke kamuwa, daga wane irin gida, mi suke ci, an yi musu rigakafi ko a'a, suna cikin hujjojin da Najeriya ta jagoranci kai wa hukumar lafiya ta duniya, har ta sa noma cikin jerin cututtukan da anka yi sakaci da su a Disamban 2023. Shiga wanga jeri shi ke buɗe ƙofar kuɗi da bincike.

Na uku ya shafi aikinka kai tsaye. Ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da kuɗin Birtaniya, tsakanin 2014 da 2016 an gwada ba iyaye mata naira 5,000 duk wata uku a kan kowace yarinya a wasu makarantu na Sakkwato da Neja. Da anka auna, shigar 'yan mata makaranta ta ƙaru sosai. Abin da wanga ya nuna yana da nauyi, don mun daɗe muna cewa al'ada ce, iyaye ba su son boko. Ashe wani babban kaso na abin kuɗin talla ne, uwa na lissafin abin da yarinya ke kawowa daga tallan fura ko ƙuli, in ka maye mata gurbinsa sai ta sake ta. Ba duka ba, amma da yawa.

Ka lura da abin da ya haɗa ukun nan. Kowanne tambaya ce ƙarama mai amsa, an san wa za a ba, an san nawa zai ci, akwai wani a ma'aikata da ya ɗauke shi nasa, akwai kuma mai kuɗin da ya matsa a auna sakamako. Ka kwatanta da makarantun almajirai na zamani da shugaba Jonathan ya ƙaddamar da ta farko a Gagi nan Sakkwato a watan Afrilun 2012. An gina sama da 150 a faɗin ƙasa, bayan 'yan shekaru rahotanni sunka riƙa nuna da yawa a rufe ko an maida su wani abu. A ganina an fara da gini ne kafin a amsa tambayoyin da kowane mai bincike zai fara da su, wa zai ciyar da yaran bayan an miƙa ma jiha, mi malamin tsangaya zai samu in ya saki almajiransa, mi ya sa uba a ƙauye ya zaɓi tura ɗansa gabas alhali ga firamare a garinsu. Masu bincike irin su Hannah Hoechner da ta zauna da almajirai a Kano sun nuna talauci da lalacewar makarantar gwamnati a karkara na cikin manyan dalilai, ba son addini kaɗai ba. Yanzu an kafa hukumar almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta a 2023, muna kallo mu ga ko za a fara daga tambaya ko daga kwangila.

Laifinmu mu malamai kuma ba kaɗan ba ne. Ƙarin girma a jami'a da yawan maƙalun da ka buga a mujallun ilimi ake yinsa, ba wanda zai tambaye ka ko wata ƙaramar hukuma ta yi amfani da abin da ka gano. To mutum na son ya zama farfesa kafin ya yi ritaya, sai ya raba takardar tambayoyi ɗari biyu cikin gari, ya sa a kwamfuta, ya fitar da tebur, a ƙarshe ya rubuta gwamnati ta samar da ayyukan yi, gwamnati ta inganta ilimi. Wane babban sakatare ne bai san haka ba? Shawara in ba ta faɗi nawa, a ina, wa zai yi, mi za a bari don a yi wanga ba, ba shawara ba ce. Sannan da Turanci muke rubutawa, Turancin ma mai nauyi, a mujallar da ko mu ba mu karantawa, alhali mutanen da munka yi binciken a kansu rediyo suke saurare. Sau nawa munka koma ƙauyen da munka ɗebo bayanai munka tara mutane ƙofar hakimi munka ce ga abin da munka samu? Shi ya sa yanzu in ka shiga wasu garuruwa da fom sai a ce maka an gaji, kowace shekara ana zuwa ana rubutawa ba a ga komai ba, kuma ba ka da bakin musu.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfinmu. Kuɗin bincike kusan duka daga TETFund yake, hukumar tallafa ma manyan makarantu, wadda ita ma gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta 1992 ce ta haifar da asalinta, kuma tallafin da malami ke samu na cikin gida shekaru da dama bai wuce naira miliyan 2 ba, ka cire man mota da kuɗin masu cika fom da masauki ka ga ƙauye nawa zaka iya zuwa. Yajin aiki na 2020 ya ci wata tara, na 2022 wata takwas, duk binciken da ke bin damina ko zangon karatu in ya tsinke a tsakiya ya lalace. Sai rashin tsaro, wuraren da sunka fi buƙatar a san halin da suke ciki, Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo, Tangaza, Gudu, su ne ba ka iya tura ɗalibi, sai a koma yin bincike inda ke da sauƙin zuwa, wanda ke nufin mafi talauci su ne ba su cikin lissafi. Akwai masu ƙoƙari, Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na sashen tarihi a Danfodiyo ya yi shekaru yana bin lamarin 'yan bindiga har ya gabatar da sakamakon a 2021 anka yi ta muhawara a kai, amma irin wanga aiki da rai ake yinsa.

Ɓangaren gwamnati kuma, kasafin kuɗi na da lokacinsa, daga tsakiyar shekara ma'aikatu ke haɗa nasu, zuwa ƙarshen shekara an kai majalisa. Rahoton da ya zo a watan Fabrairu ya makara, zuwa wata shekara an canza kwamishina. Na taɓa kai wani rahoto wata ma'aikata, anka karɓa da hannu biyu, anka yi hoto, bayan wani lokaci na koma na tarar da shi cikin ledarsa bisa kabad, jami'in ya ce mini gaskiya Malam shafi 180 ne, da ka kawo shafi biyu da oga ya karanta a mota. Ban ji haushinsa ba. Ga kuma abin da kowa ya sani, gini na da kwangila da allo mai suna, biyan malamin ƙauye kuɗin zama ƙauye ko sayen man cibiya ba su da. Jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a ƙarshen 2015 zamanin gwamna Tambuwal, an yi gine-gine an ɗauki matakai, amma tambayar da ya kamata a ce muna da amsarta duk shekara ita ce yaro nawa a aji uku ke iya karanta jimla ɗaya da Hausa, kuma a wace mazaɓa. Wanga aiki ne da jami'o'in da ke jihar da kwalejin ilimi ta Shehu Shagari za su iya yi da ɗalibansu in an zauna an tsara, kowane zangon koyarwa na gwaji ɗalibai na warwatse cikin makarantu ko ta ina.

Kai kuma ƙanena kana riƙe da abin da mu ba mu da shi. Rajistar ajinka. In zaka riƙa cika ta da gaskiya, ba wadda ake cikawa ranar da mai duba makarantu zai zo ba, ka ƙara da sunan unguwa ko ƙauyen kowane yaro, ka lura ranar kasuwa yara nawa ke ɓacewa, lokacin dashen albasa da girbi su wa ke ɗaukewa, 'yan mata a wane aji suke fara raguwa kuma ina suke tafiya, aure ne ko talla ko makarantar ce ba bayan gida, shekara biyu kawai ka yi haka zaka fi kowane rahoton Abuja sanin makarantarku. Ka kai ma kwamitin iyaye na makaranta su gani, ka ba sakataren ilimi kwafi kafin watan Yuli, in kuma ɗaliban jami'a 'yan garinku sun zo neman abin da za su yi furojet a kai, ka nuna musu ita, amma ka rufe sunayen yaran kafin ka ba kowa.